Ƙafar da Ban Auna Ba

'Ya'yana, akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, har wasunku suna maimaita ta cikin raha idan an taru da salla: wai yayanku ya je Sakkwato neman aikin ɗamara, aka ce a yi gudu, ya zauna a bakin hanya. A bakina kuka ɗauke ta, ni na fara faɗinta, don haka ni ya kamata in gyara ta tun ina da sauran numfashi. Sunansa Umaru. Kun sani ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ɗan fari ne. Amma alƙalami ba ya jin kunya, kuma in na ci gaba da cewa "wancan" ko "yaron nan" kamar yadda na saba, jikokina ba za su gane wa nake nufi ba.

Sama da shekara arba'in ina sayar da takalma a kasuwar Illela, yawanci kambas na gwanjo, waɗanda ake ɗauro dilarsu daga Kwatano a biyo da su ta Ƙonni. Ba yabon kai ba, na san aikina. 'Yan ƙwallo, 'yan makaranta masu tsere, har malaman da likita ya ce su riƙa motsa jiki, duk wurina suke zuwa, kuma ina da dokokina da ba na sassauta wa kowa. Ba na gwada wa mutum takalmin gudu da sassafe, sai ya dawo da la'asar bayan ya wuni a kan ƙafarsa, domin ƙafa tana kumbura da yamma kamar yadda take kumbura a cikin gudu. Idan ya zo, sai in sa ya jiƙa tafin ƙafarsa da buta ya taka siminti, in duba sawun: wani tsakiyar tafinsa ba ya taɓa ƙasa, wani kuwa shimfiɗe yake gaba ɗaya, kuma ba takalmi ɗaya suke so ba. Sai in durƙusa in kama ƙafar da hannuna, duka biyun, tunda ba a rasa wadda ta fi 'yar'uwarta. Ya sa safa, ya ɗaure igiya, ya miƙe tsaye, in danna babban yatsana a gaban nasa. In wurin bai ɗauki faɗin yatsana ba, a cire. In ya zo da tsohon takalminsa ma ya fi, in juya shi in ga inda ya cinye. Kullum ina gaya musu lamba tsawo kawai take faɗa, ba ta san faɗi ba, kuma arba'in da uku na wata ƙasa ba shi ne na wata ba. Na ƙarshe, kada mutum ya sa sabon takalmi ranar gasa, ya ba shi mako biyu su saba da juna. Wanda duk ya ce yana sauri, ina nuna masa rumfar gaba.

Na durƙusa a gaban ƙafafun da ban san iyakarsu ba, har da na yaran da na girme wa ubanninsu. Ta Umaru ce kaɗai ban taɓa kamawa ba. Tun da aka yaye shi, mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu Gidan Katta, can ya tashi a gona, ƙafa ba takalmi sai ranar Juma'a. Ya dawo wurina yana saurayi, dogo, mara yawan magana. Gida ɗaya muke kwana amma in ina son in aike shi, sai in dubi bango in ce, "A ce wa wancan ya je Ƙonni." Shi kuma yana tsugune a gefe yana ji, sai ya tashi ya tafi. Mahaifiyarku Kulu ma haka take da shi, har ta fi ni. In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. Haka muka tarar ana yi, ba mu ɗauke shi komai ba, kuma ina son yaron nan har cikin raina.

Shekarar da nake magana, shekara goma sha huɗu ke nan, Umaru ya nemi aikin ɗamara karo na uku. Biyun farko ko kiransa ba a yi ba. A na ukun sunansa ya fito, aka ce ya zo Sakkwato a gwada su, kuma gudu ne babban abin da ke raba masu shiga da masu komawa gida. Shekarunsa sun kai bakin iyaka, in ya rasa wannan an rufe ƙofa ke nan har abada. Kowace safiya da an sallame sallar asuba sai ya kama hanyar Araba da gudu, da yamma ma haka. Ni kuwa na rasa sukuni. In zauna a rumfa in tashi, in leƙa titi, in dawo in sake jera takalman da na riga na jera. Duk rayuwata ni ke tsayawa a bakin iyaka gaban masu kaki ina jiran a duba kayana, sai ga shi ana cewa nawa ɗan zai iya sa kakin. Ina jin na fi shi son abin. Tuwo ma na daina cinye shi, Kulu ta yi mita har ta gaji.

Kusa da rumfata akwai Isufu, mutumin Ƙonni mai canjin kuɗin sefa, abokin tsokanata ne na shekaru. Wata rana da yamma Umaru ya wuce ta bakin kasuwa a guje, Isufu ya bi shi da kallo, ya kwashe da dariya.

"Alhaji, wanga ba ɗanka na ba?"

"Mi ya yi?"

"Dubi abin da ag ga ƙahwatai! Ɗan mai takalma, yatsu waje suna shan iska. Ko kyauta anka ba ni wanga kambas ba ni amsa."

Mutanen wurin suka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta soke ni. Da na koma gida na tarar da kambas ɗin a bakin zaure. Tsoho ne ƙwarai, ya koɗe, kuma an sa reza an tsaga shi ta gefe da gefe, daidai inda ƙananan yatsu suke. Ku lura da wannan. Da wani ne ya kawo mini takalmi da irin wannan tsaga, kafin ya buɗe baki zan ce masa, "Ƙafarka faɗi gare ta, takalmin ya matse ka ka yi masa ƙofa." Abu ne da ko almajirin sana'a ya sani. Amma ranar ba idon mai takalma na duba da shi ba, dariyar Isufu ce ke cikin kunnena. Na ga tsiya kawai, na ga abin kunya a ƙofar gidana. Na ɗauke shi na sa a hammata na kai rumfa, na duba lambar da ke harshensa, arba'in da uku, na jefa shi a kwandon sharar kasuwa. Saura kwana huɗu tafiya.

Washegari ina jin Umaru yana tambayar ƙannensa ko wani ya ga kambas ɗinsa. Kulu ta same ni a ɗaki.

"Kai kaɗ ɗauki takalmin yaron ga?"

"Ni na."

"To da mi za shi gudu?"

"Dila na tahe. In ta iso zan hidda mishi wanda ba a taɓa gani ba garin ga."

"Ka dai kira shi rumhwa shi gwada, awa kowa."

"In durƙusa gabanai cikin kasuwa, mutane na kallo? Ke kina iyawa?"

Ita ma ba za ta iya ba. Kwanakin nan uku ya yi gudunsa ba takalmi, kamar yadda ya saba a Gidan Katta. Dilar kuma ta yi nawa a hanya. Kullum sai na hau babur na tsallaka Ƙonni in tambaya, a ce gobe. Ina da kambas masu lambarsa a rumfa, sun fi goma, amma na ƙi, ni ala dole sai wanda ya fi kowanne. Sai jajibirin tafiya ta iso. Na yanke ɗaurin, na zazzage, na yi ta tono har na kai gare shi: fari da shuɗi, ba nauyi, ƙasansa ko gogewa bai yi ba, kamar wanda aka sa sau ɗaya aka ajiye. Arba'in da uku. Gabansa siriri ne, na gani, amma kyaunsa ya rufe mini ido.

Isufu ya miƙo wuya ya duba, ya jinjina kai.

"Wanga kam ya yi kyau. Amma aika a kira shi mana. Kai da ba ka saida ma mutum sai ka taɓa ƙahwatai."

"Isuhu, ka tsaya ga sefarka. Ni za a koya ma takalmi?"

"Allah shi ba ka haƙuri," in ji shi, ya koma kan bencinsa.

Na kai gida na ba Kulu, Kulu ta kai wa Inna, wadda a lokacin tsufa ya sa mun ɗauko ta daga ƙauye tana zaune tare da mu. Inna ta juya takalmin a hannunta, ta tura yatsunta ciki, ta sa aka kira ni.

"Wanga na Ummaru na?"

"Nashi na, Inna."

"Ni nir rene shi. Ƙahwatai awa hwaihwai take. Anya tana shiga nan?"

"Inna, lambatai ta. Sana'ata ta, ki bar min."

Ta dube ni, ta ce to. Bayan la'asar Umaru ya zo ya tsuguna nesa da tabarmata, kansa a ƙasa, ya ce ya ga saƙo, Allah ya ƙara girma. Na dubi wani wuri na tambayi iska ko ya yi daidai. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce ya yi. Na ji jim ɗin nan, wallahi na ji shi. Inna ta ce ya tambaye ta ko tsohon yana nan ya riƙa a jaka, na ce a gaya masa ɗan gidana ba ya zuwa Sakkwato da tsumma. Da safe ya shiga mota.

Kwana uku ya yi. Ban san sau nawa na je tasha ba. In na ji ƙugin mota sai in bar mai ciniki tsaye in fita, har wani ya tafi ya bar canjinsa a hannuna sai da na bi shi. Rana ta uku da hantsi ya sauko, da safa da silifas a ƙafarsa cikin wannan zafi, kambas ɗin a leda an wanke shi fes. Ya tsuguna ya ce, "Allah bai yi ba," ya shige ciki yana tafiya a hankali. Na ɗauka nauyin kunya ne. Wani yaron unguwa da suka je tare shi ya ba da labari a zaure: da aka sake su Umaru ne a gaba, har ya ba na biyu rata, sai aka ga yana rage gudu, yana rage gudu, can ya koma tafiya, daga nan ya zauna a bakin hanya ya dafe kai, kowa ya wuce shi.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Zaure cike da mutane, maƙwabta da masu zuwa jaje, na ɗaga murya yadda zai ji daga ciki.

"Na ba shi takalmin da babu irinai Illela, yat tahi yaz zamna bakin hanya awa mai tallan gyaɗa! Ba ƙahwa ta ba, zucciya ce babu."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ba ni baki. Kafin magariba maganar ta zaga kasuwa. Daga nan ta samo asali, wadda kuke maimaitawa.

Kwana shida bayan haka na ga gaskiya. Tun da ya dawo a cikin gida yake alwala, amma ranar azahar ta riske shi a waje, ya zo masallacin unguwa ya zauna a can ƙarshen dakali da butarsa. Ina wannan ƙarshen. Ya waiga, ya zare safar a hankali, yana cije leɓe. Faratan manyan yatsunsa biyu babu su, sai jan nama. Ƙananan yatsun ta gefen waje sun saɓule, bororo ya fashe ya bar gyambo, wani wurin safar ma ta manne sai da ya jiƙa ta. Ba sai an yi mini bayani ba. Na ga irin wannan a ƙafar mutanen da suka sayi takalmi a rumfar gaba suka dawo wurina suna kuka, na kuma yi musu faɗa. Na kau da kai, na ƙarasa alwala, na shiga sahu, ban san abin da liman ya yi ba har aka sallame. Na tafi gida kai tsaye, na ɗauko ledar a inda Kulu ta ajiye, na zura hannuna cikin kambas ɗin. Yatsuna huɗu ma a takure suka shiga. Can ciki akwai baƙin tabo da wanki bai fitar ba. Da wannan yaron ya yi gudu har ya wuce kowa, da wannan ya ci gaba har inda ƙafa ta ƙi. Na zauna a bakin gado.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, ko yaro ya sani: in fita zauren da na yi maganar in warware ta. Na tashi da niyyar haka, na kai bakin ƙofa, na ji muryar mutane, na dawo. Na ce bari sai gobe. Gobe na ce sai ƙafar ta warke. Ina tunanin yadda Isufu zai dube ni, yadda kasuwa za ta ji cewa mai dokokin nan ya kasa auna ɗansa. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni na naɗa shi, ya kuma zauna mini daram. Inna ce ke shafa masa man kaɗe a ɗakinta, ta san komai. Ba ta tone ni ba, sai dai ta daina karɓar goron da nake kawo mata, har ta rasu a ƙarshen shekarar. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni zama wuri ɗaya har yau.

Sauran kun san shi. Umaru ya sayi babur ya kama kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, rana da ruwa, yana wuce masu kaki sau ashirin a yini yana ɗaga musu hannu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai taɓa fasa zuwa gaishe ni da safe ba. In kun tsokane shi da zancen bakin hanya sai ya yi murmushi, ni kuma ina zaune ina jinku, in ji kamar in tashi in bar garin. Sau da yawa na shirya maganar a raina tun daga kasuwa, in iso gida in gan shi, ta maƙale. Ku sani yayanku ba rago ba ne. Ni na cire masa takalmin da ya san ƙafarsa, na sa masa wanda ya dace da sunana, sannan na zage shi a gaban jama'a. Kada in sake jin maganar nan a bakin ɗayanku, ko ina raye ko ba na nan, kuma ku gaya wa 'ya'yansa yadda aka yi.

Bara da ciwon suga ya kama ni, shi ke ɗaukata a babur zuwa asibiti duk mako biyu. Wata safiya muna dawowa, ina bayansa, ba na ganin fuskarsa shi ma ba ya ganin tawa, sai na ji in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na matsa kusa da kunnensa saboda iska.

"Takalmin nan na Sakkwato. Ya matse ka. Laihina na, ba naka ba."

Ya rage gudu, ya gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya kashe babur. Bai waigo ba, ni ma ban sauka ba.

"Ya wuce, Baba."

"Tun gida ka san bai yi ba. Don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Shi na abu na hwarko da kaz zaɓa min da kanka. Ban iya cewa bai yi ba. Can na roƙi su bar ni in yi gudun ba takalmi, sunka ce doka ba ta yarda ba."

Motoci suna wucewa. Na ce masa na ga ƙafar, tun a makon, a dakalin masallaci.

"Na sani, Baba. Na ga sa'ad da kag gani."

"Ka sani? Shekara nawa ana yi maka dariya, mi ya hana ka buɗe baki?"

Ya sa ƙafa a kan abin tayarwa, ya tsaya haka bai taka ba.

"Kai nika jira, Baba."